Ragon Layya Ba Talo-talo Ba Ne

Ƙanena da ke karatu a Damagaram ne ya zo da wata mujalla cikin jakarsa. Ko ruwa bai gama sha ba ya buɗe wani shafi ya miƙo mini, ya ce, "Yaya, karanta ka ji yadda aka yi da mu." Na karanta sau biyu, na farko da fushi, na biyu da fensir a hannu.

Ga abin da marubucin ya ce, kuma zan yi ƙoƙari kada in rage masa komai. Ya yi zama a Amurka. A can ya ga yadda ake shirya talo-talo don bikin godiyar da suke yi ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba: a jiƙa tsuntsun ya kwana cikin ruwan gishiri, washegari a soke shi da sandar ƙarfe, a ɗora bisa murhu a tsakar gida, wani ɗan inji yana juya shi sannu a hankali har ya nuna. Ya ce bai taɓa cin nama mai laushi da romo kamarsa ba. Da ya dawo ya yi Babbar Salla a ƙasarmu, ya ga raguna a baje bisa itatuwa an kewaye wuta da su a bakin titi, sai takaici ya kama shi. A ganinsa muna shafe watanni muna turka rago, sannan mu ƙone shi a yini ɗaya, mu ci nama kamar ƙirgi, mu cinye daji, mu haɗa da ƙura. Shawararsa ita ce mu jiƙa ragon a ruwan gishiri ya kwana, masu walda su ƙera mana ƙarfe mai juyawa, kowa ya koma cikin gidansa ya yi gashinsa, wanda kuma kuɗinsa bai kai na rago ba ya sayi talo-talo.

Batun talo-talon ba ya buƙatar dogon zance. In don ci ne, halal ne, kowa ya samu ya saya. In kuwa a madadin layya ake nufi, ko ɗalibin zaure ya wadatar: layya ba ta inganta sai da tumaki, awaki, shanu ko raƙuma, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi rago ne a kan gaba, kamar yadda duk wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid ya sani. Wanda ba shi da hali ba a ɗora masa ba. Ban da haka, tun ina yaro nake shiga kasuwannin Tanut, Belbeji da Bakin Birji. Kaji da zabi na saba gani a kwanduna, ban taɓa cin karo da layin masu talo-talo ba.

Inda Malam marubucin yake da gaskiya kuwa ba zan hana masa ba. Gishiri yana yin aikin da ya faɗa. Tsoka zare-zare ce, in wuta ta taɓa ta sai zaren ya tsuke ya matso ruwan da ke ciki, kamar mai matse wanki. In gishiri ya riga ya ratsa ta, zaren yakan saki, ya kumbura, ya rage tsukewa. Naman da ya kwana a ruwan gishiri mai sauƙi, wato giram 50 zuwa 60 a kowace lita, yakan ƙara kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa, saboda haka rabin abin da wuta za ta ƙwace daga ruwan aro ne. Wannan ilimi ne, ba ni da ja a kansa. Sai dai ruwa ba ya tsami banza, ya kamata Malam ya tambayi abin da ya sa Amurkawa suka shiga wannan wahala. Talo-talon da suke kiwo yanzu an zaɓo shi ne don girman ƙirji, ƙirjin nan kuma farin nama ne da babu kitse a cikinsa. Hukumominsu na lafiya suna cewa sai zafin tsakiyar naman tsuntsu ya kai digiri 74 kafin a ci, saboda ƙwayoyin cuta. Kafin cinya ta nuna, ƙirji ya bushe kamar ƙaiƙayi. Ruwan gishirin nan magani ne na wata cuta da ke jikin wancan tsuntsu. Balamin da ya ci harawa da dusa, ya lashi kanwa, yana ɗauke da nasa maganin: kitse a bayansa da gindin wutsiya, da jijiyoyin da suke narkewa su zama romo in an ba su wuta mai haƙuri.

Duk wannan rassa ne, ga gindin maganar. Malam ya ɗauka mu ma abin da muke nema a bakin wutar nan shi ne mu riƙe ruwa cikin nama, sai muka kasa. Alhali korar ruwan muka fito yi.

Ya bi naman da kansa ya gani. An sauko daga Idi, an jira liman ya yanka, kowa ya yanka nasa. A feɗe, a fitar da kayan ciki a miƙa wa mata. A tsaga ragon ta ƙirji a buɗe shi, a ɗaure shi bisa itatuwa biyu a gicciye, a kafa a ƙasa yana ɗan rusuna wa wuta. Kafin azahar raguna sun yi da'ira. Daga nan sai jira, da gyara itace, da juya bayan ya koma gaba, da shafa ruwan gishiri da yaji da ɗan reshe, har magariba, wani lokaci har bayan isha. Ranar nan ba mai yankar ragon ya ci. Abin da ake ci hanta ce, da ƙoda, da soyayyen tumbi da hanji. Ragon kwana yake yi inda iska ke ratsawa. Washegari ake rabo: yara da kwanoni a ka, wannan na gidan surukai, wannan na malam, wannan na tsohuwar da ba ta da kowa a ƙarshen unguwa, ga almajirai a ƙofa. Akwai kason dangin da ke ruga ko zango, wanda sai an yi tafiyar yini a kan jaki ko babur. Akwai ƙunshin da za a ba direba ya kai wa ɗan da ke aiki a Agadas ko Arlit. Abin da ya saura mata su yayyanka ƙanana, su soya cikin kitsensa har ya daina tsartuwa, su zuba a kwalla ko tukunya kakide ya rufe shi. Wannan soye shi ne zai riƙa leƙa miyar kuka da ta kuɓewa makonni bayan Salla, a gidan da uwargida ta iya tattali har ya kai wata biyu ko fiye.

Talo-talon Malam kuwa daga wuta sai tebur. Cikin sa'a guda an gama da shi, abin da ya rage kuma ƙa'idarsu ita ce ya shiga firijo kafin sa'a biyu, a cinye cikin kwana uku ko huɗu. Nama ne da ba ya zuwa ko'ina. Namu matafiyi ne, matafiyi kuwa a ƙasar nan ba ya ɗaukar abin da zai ruɓe masa a hanya. Hikimar da ta haifi kilishi, wanda yanzu ƙungiyar OAPI ta yi wa rajista da sunan Nijar, ita ce dai ke tsaye a bakin wutar layya. Romon da Malam yake yabo, shi ne ƙwayoyin cuta suke nema su ma.

Akwai kuma abin da ya tsallake a girkin nasa, ko don bai lura ba ne, tunda baƙo ne a gidan da ya ci. Ruwan gishiri mai sauƙin nan ba ya kashe ƙwayar cuta. Shi ya sa duk inda aka koyar da shi ake sharɗanta cewa naman ya kwana cikin sanyin da bai wuce digiri 4 ba. Su kuma a ƙarshen Nuwamba suke yi, lokacin da a yawancin ƙasarsu sanyi ya sauka, ga firijo a kowane gida. Mu fa? Layya tana ja da baya kimanin kwana 11 kowace shekara. Ta 2025 a farkon Yuni, ta 2026 a ƙarshen Mayu, ta 2027 a tsakiyar Mayu, ta 2029 da ta 2030 kuma cikin Afrilu. Wato tsakiyar bazara ke nan, lokacin da zafi a Tanut yake haura digiri 40 da rana, dare ma bango yana huci kamar tanda. A tsoma ɗanyen rago cikin ruwa mai ɗumi a irin wannan dare, da safe ba rabon nama za a yi ba, layin asibiti za a bi. Firijon da zai ɗauki rago guda da ruwan da ya rufe shi, ni dai ban taɓa ganinsa a gidan kowa ba a Damargu, balle a ƙauyukan Gangara da Tarka da Tenhiya inda fitilar hannu ce kuran.

Lokaci ma bai yarda ba. Talo-talonsu an yanka shi kwanaki ko makonni kafin bikin, a daskare ake sayo shi, saboda haka jiƙon jajibere ba ya ɓata musu komai. Mu ba mu da ikon yanka kafin liman. In aka ce sai ya kwana a ruwa, gashi ya koma rana ta biyu, rabo ya koma ta uku. Mai jiran kason nan da ya shekara bai ga tsoka a miyarsa ba, wa zai je ya ba shi haƙuri?

Mu zo ga ruwan kansa. Talo-talo mai kilo shida lita bakwai ko takwas ta ishe shi. Ragon da ya ba da kilo 20 ko 25 na nama, a lissafina, sai an zuba bido biyu na lita 25 kafin ya nutse, da gishiri fiye da kilo biyu. Da safe kuma a tuntsurar da duka, don ruwan gishiri mai jini ba ya shayuwa ga dabba, ba ya zubuwa ga shuka. Malam, a ƙasar da ake ɗaura wa jaki ko raƙumi igiyar guga ya yi ta tafiya kafin ruwa ya iso bakin rijiya, a ƙasar da ƴan mata suke fita da asuba da amalanke su dawo da hantsi, ka gwada faɗa wa uwargida ta zubar da bido biyu. Ni ba zan raka ka ba.

Gishiri kuwa ba baƙonmu ba ne da za a gabatar mana da shi. Damargu rumbun Abzin ce tun kaka da kakanni: ayarin Buzaye su ratsa Tenere su ɗauko kantu da beza daga Bilma da Fashi, su gangaro su sauke a nan su ɗauki hatsi. Har sunan Bilma ya zauna a bakinmu, muna cewa balma. Da irin wannan ayari na Kel Ewey ne Heinrich Barth da abokan tafiyarsa biyu suka shigo Damargu a watan Janairun 1851, suka rabu a Tagelel, ɗayansu, Richardson, ya nufi Damagaram, Barth ya bi ta Tasawa zuwa Katsina da Kano. Mutanen da suka san raƙumi nawa ke faɗuwa a hamada kafin kantu ɗaya ya iso kasuwa sun koyi sa gishiri inda zai yi aiki, a jikin nama, da ɗan ruwa a ƙoƙo. Ba su koyi narkar da shi a baho su zubar ba.

Shi ma ƙarfe mai juyawar mun san shi. Duk wanda ya taɓa halartar babbar liyafa a Agadas ko Yamai, ko ya sauka a wurin Larabawan daji, ya ci mishwi, ragon da aka soke da sanda aka yi ta juyawa bisa garwashi. Yana da daɗi ƙwarai, kuma nan take ake cinye shi, da hannu, da zafinsa. Abin lura shi ne, mutanen da suka iya mishwi su ne dai suke baje rago bisa itace ranar layya. Da rashin sani ne da ba su iya ɗayan ba. Rago a dunƙule yana juyawa, cikinsa a rufe, tururi na dafa shi ta ciki, sai ya fito da laushi da danshi. Rago a baje, kauri ya ragu, zafi da iska suna samun ko'ina, sai ya nuna yana tsanewa. Kowanne da ranarsa. Tsayuwar da yake yi a gefen wuta ma da dalili: kitse yana gangarowa ta jikin naman ya ɗiga ƙasa ko cikin kwanon da aka tara, ba ya faɗawa cikin garwashi balle wuta ta tashi ta yi masa baƙin hayaƙi. Tukubar mai tsire ce aka faɗaɗa, ba wani abu ba. Wani abin dariya, a kudancin Ajantina haka makiyayan tumaki suke gasa ɗan rago, a baje bisa ƙarfe mai gicciye, a jingine gefen wuta na sa'o'i, masu yawon buɗe ido kuma suna biyan kuɗi mai yawa su ci su ɗauki hoto. Da a can Malam ya fara ganinsa, ina zargin da wata maƙalar ya rubuta.

Batun itace ne ya fi tsaya mini a rai, don nan ne ya taɓa ciwon da ke akwai. Ruwan sama a Tanut da ƙyar yake kai milimita 300 a shekara, iyakar noman da dokar 1961 ta shata ba ta da nisa da mu, kuma duk wanda ya ga abin da farin 1973 da na 1984 suka bari ya san darajar aduwa ɗaya a tsaye. Manoman kudancin Damagaram da Maradi sun dawo da gawo da kalgo cikin gonakinsu ta hanyar sassaben zamani tun shekarun 1980, har ana ƙiyasta fili da ya kai hekta miliyan biyar. Mu a nan itace ya fi jinkirin tashi, gatari kuma bai fi jinkirin sara ba. Ina jin kunya in na ga amalanke cike da ɗanyun sanduna a jajiberen Salla, waɗanda aka sare don aikin yini ɗaya. Wannan laifi ne, na amsa.

Amma maganin da ya kawo ya fi cutar. A unguwarmu wuta ɗaya ake hurawa, raguna takwas ko goma su kewaye ta, kowa ya kawo nasa itacen a haɗa. In kowa ya koma gidansa da murhunsa, wuta goma ke nan. In ya ce da gawayi za a yi, to gawayi ba daga sama yake faɗowa ba. A irin ƙonawar da ake yi a daji, sai an cinye kilo biyar na itace ko fiye kafin a sami kilo ɗaya. An dai kai ɓarnar inda ido ba ya gani. Abin da zai rage sara ya fi wannan sauƙi. Maƙera da masu walda su ƙera gicciyen ƙarfe da za a ajiye shekara da shekaru, wanda na ga wasu gidaje sun fara, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na inji ba. Suyar rana ta biyu, wadda ita ma take cin itace ba kaɗan ba, ta koma kan gas ga mai hali. Matatar SORAZ da aka buɗe a Nuwamban 2011 a ƙasar Olelewa take, cikin gundumarmu ta Tanut, kuma tana fitar da gas na girki. Unguwar da ke hura wuta uku ta haɗe ta hura ɗaya.

Ƙura kuwa akwai ta, ba na musu. Wanda ya kafa ragonsa a bakin kwalta inda manyan motocin Agadas ke wucewa ya yi ganganci, ya matsa lungu, ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya kafa zana ta inda iska ke zuwa. Haɗarin da ya fi ƙura ma Malam bai ambata ba: cinyar da ta yi ja a waje alhali jikin ƙashi da saura. Tsofaffi sun san shi, shi ya sa suke tsaga cinya da kafaɗa kafin a kafa, su soka wuƙa su duba ruwan da ke fitowa kafin a sauke. Samari masu gaggawar tafiya yawon Salla su ne suke tsallake wannan.

Sai kalmar da ya yi ta maimaitawa, wai mu koma gashi a "bayan gida". Na san abin da ya fassaro, amma da ya karanta jimlar da ƙarfi a gaban Bahaushe da ya canza ta. Ko an gyara kalmar ma, ma'anar ba ta gyaru ba. Amurkawa suna gashinsu a ɓoye bayan shinge don bikin na iyali ne. Wutar layya a ƙofar gida take saboda a nan ne mai balami da mai ɗan akuya suke zama bisa tabarma ɗaya, wanda bai samu yankawa ba bana shi ne sau da yawa gwanin gyara wuta, kuma ba wanda zai tashi daga wurin a manta da kasonsa. Ido yana ganin wanda ya yanka, yana kuma ganin wanda bai yanka ba. Na san akwai fariya a ciki, akwai mai auna ragon maƙwabci da wutsiyar ido, akwai mai cin bashi don kada a raina shi. Duk da haka na fi amincewa da rabon da aka yi a idon unguwa bisa wanda aka bar wa zuciyar mutum shi kaɗai a bayan katanga.

Abu biyu na ɗauka daga maƙalar, kuma ina godiya. Na farko, mu riƙa sa gishiri da wuri. Da yawanmu sai rago ya fara ja muke shafawa, lokacin da bayansa ya riga ya ƙame. In aka goga busasshen gishiri tun ana gama fiɗa, musamman cikin tsagar cinya, kafin wuta ta kama ya fara shiga, ba a kuma zubar da ko ɗigon ruwa ba. Na biyu, jiƙon nan yana da gida a wurinmu, sai dai ba a jikin rago ba. Zabo shi ne talo-talonmu: tsuntsu mai ƙarfin nama, marar kitse, mai saurin bushewa a wuta. Na gwada da hunturun da ya wuce. Na sayi zabo biyu ranar kasuwa, na narka beza cikin ruwan randa mai sanyi, na jefa tafarnuwa da citta da masoro, na bar su ciki sa'a guda da sanyin safiya, na tsane su, na gasa bisa garwashin bagaruwa ina juyawa da hannu. Gaskiyar Malam, ban taɓa cin zabo mai laushi haka ba. Yara har ƙashi suka tauna.

Inna ta ci nata, ta suɗe yatsa, ta ce ya yi daɗi, Allah ya yi albarka. Sannan ta tambaye ni wanda na ajiye na miyar gobe. Na duba tiren, babu ko fiffike.